Ranar Dashe a Bakin Kwazazzabo

Gorar ta sauka a kafaɗar Aƙilu yana durƙushe a bakin ramin dashe, waya a kunnensa. Kafin ya waiwaya, ta biyu ta fasa masa baki.

"Da wa kake magana? Wane yare ne wannan?"

Saminu ne, shugaban 'yan sintirin ƙauyen, da mutanensa. Tun da 'yan bindiga suka kashe ƙanensa a gona, duk baƙon da ya tsaya da waya a bakin daji mai kai rahoto ne a wurinsa.

Aƙilu tela ne a Malumfashi. A waya ya koyi Esperanto, harshen da aka ƙirƙira don mutanen ƙasashe daban-daban su ji juna. Yau abokansa na harshen suke dashen itatuwa, kowa a ƙasarsa. Shi da ƙanwarsa Murja suka kawo dashen ɗorawa bakin kwazazzabon da ke cinye gonaki kusa da Ƙarfi.

"Abokina ne a Togo," ya ce, jini na bin haɓarsa. "Itace kawai..."

"Togo ta ubanka!"

Suka rufe shi. Wani ya take wayar, wani ya kai masa gora a hannu har ƙashi ya yi ƙara. Murja ta faɗa kansa tana ihu, aka fizge ta aka jefar. Saminu ya zare adda.

"Sare ni tukuna!"

Tasalla ce, tsohuwar da a gonarta ake dashen. Ta yar da tulun ruwa, ta tsaya tsakaninsu tana haki.

"Ni na kira su. Rabin gonata ya tafi rami, wa ya zo a cikinku? Saminu, ni na yanke maka cibiya. Sare ni."

Addar ta yi ƙasa.

"Kun karya mai haƙa," ta ce. "To, ku haƙa."

Suka ajiye gorori, suka ɗauki fartanya. Murja ta ɗaure hannun yayanta da mayafinta, suna jiran babur. Ta ɗauki hoton mutanen suna haƙa da wayarta, ta tura wa ƙungiyar abokan Aƙilu na harshen don su ga waɗanda suka yi ɓarnar.

Ba ta gama rubuta bayani ba amsa ta shigo daga abokin na Togo, da Esperanto.

"Yaya, me ya ce?"

Aƙilu ya karanta da idon da bai kumbura ba.

"Wai a gaida sabbin 'yan'uwanmu."