Hoton Baba Direba

Baba Direba ya yi shekara talatin da biyu a bayan sitiyari kafin ya ajiye aiki, kuma ba ya ƙaunar wani ya tuƙa shi. Sai ga 'yarsa ta shirya masa yawon buɗe ido a ƙasar waje, shi da matarsa, mako guda cur.

"Me na ajiye a can?" in ji shi.

"Baba, hoto ɗaya nake so, kana dariya. In ka dawo babu shi, baɗi ma sai ka koma."

Ya san za ta aikata, don taurin kan nasa ta kwaso. Ya tafi da niyyar yin dariyar a wuce wurin, amma ta ƙi zuwa.

A bas ɗin 'yan yawo ya zauna daidai bayan direba, wani mai sanƙo. Kwana huɗu ana nuna musu gadoji da gidajen tarihi, shi ban da ƙeyar mutumin nan bai ga komai ba. Mutanen ƙasar akwai kirki, sai dai gaba ɗayansu a hannun da ba daidai ba suke tuƙi. Da an tunkari mararraba sai ya danna birkin da babu shi, har ƙafarsa ta yi tsami.

"Malam, ɗan saki fuska mana," matar ke cewa, waya a hannu. Kowane hoto sai ya fito kamar mai jiran allura.

Rana ta biyar bas ya shiga wani lungu, aka tarar motar kaya ta tare gaba. Dole a koma da baya, ga bango nan, ga tukwanen furanni can. Mai sanƙo ya gwada sau uku, gumi ya jiƙa masa wuya.

Baba Direba bai san lokacin da ya sauka ba. Ya daki jikin bas da tafin hannu.

"Taho! Taho! Yanke! Ya isa, miƙe! Taho abinka!"

Mutumin ko kalma ɗaya bai ji ba, amma ya gane hannun. Bas ya fito ko ƙwarzane babu. Fasinjoji suka ɗauki tafi, mai sanƙo ya sauko ya rungume shi. Wani daɗi ya cika Baba Direba, irin wanda rabonsa da shi tun ranar da ya miƙa makulli.

Da suka koma masauki matar ta nuna masa hoton da ta ɗauka. Haƙoransa duka a waje, har da giɓin.

"Shi ke nan, ka huta. Bari in tura mata."

Ya riƙe mata hannu.

"Tura na jiya, wanda na ɗaure fuska."

"Ai sai ta ce ka dawo baɗi!"

Ya gyara zama, yana kallon titi ta taga.

"To in ban dawo ba, wa zai fitar da bawan Allah nan daga lungu?"