Dangwalen Lalla Rkiya

Saura kwana tara jirgin alhazai ya tashi wasiƙar ta iso. Lalla Rkiya ce ta karɓe ta da hannunta, ta juya ta gaba da baya, ta ga hatimin gwamnati, sai ta ɗora ta a kan talabijin tana murna. A wurinta duk takardar da ta shigo gidan a watan nan ta Makka ce. Shekara goma sha ɗaya tana sa sunanta a ƙuri'ar hajji, sai bana ya fito, tana da shekara saba'in da biyu.

Da la'asar ɗanta Abdelilah ya dawo daga tashar jiragen kamun kifi ta Asfi, garinsu a gaɓar tekun Maroko, inda yake akawu, rigarsa na ƙarnin kifin sadin.

"Karanta mini, ɗana. Ko lambar kujerata ce?"

Ya buɗe ya duba. Daga ofishin haraji ne. Ga sunanta, ga lambar katinta na shaidar ɗan ƙasa. Suna so ta yi bayanin dirhami dubu saba'in da suka shigo mata daga wani asusu na ƙasar waje, da abin da ya rage a cikinsa.

"Ta hajji ce, Mmi," in ji shi, don haka yake kiran mahaifiyarsa. "Wani ɗan sa hannu ne ya rage."

Ta sa masa albarka, ta zuba masa shayi. Bai iya sha ba.

Shekara uku ke nan Abdelilah yana cacar ƙwallo a waya. Ma'aikaci ne, yana tsoron a ga sunansa, shi ya sa ya ɗauki katin tsohuwar daga ƙarƙashin katifa ya buɗe asusun da shi. Wa zai zargi matar da ko lambar wayarta ba ta sani ba? Wani lokaci ya ci, wani lokaci a cinye shi, har ranar da ya ci mai yawa. Ya bar kuɗin can ƙetare yana ganin ya fi kowa wayo. Da sunanta ya fito a ƙuri'a ya turo dubu saba'in gida ya biya kujera, ya ce mata kuɗin aikin lissafin nan ne da yake yi wa wasu Turawa ta intanet. Tun daga nan ba matar da ta shigo gidan ba ta ji labarin ɗan albarka ba.

Washegari ya hau benen Si Mbarek, mai shirya wa 'yan kasuwa takardun haraji. Si Mbarek ya karanta, ya cire tabarau, ya ƙare masa kallo.

"To, sannu gwani. Lalla Rkiya ce ke bin ƙwallon Sifen? Wace ƙungiya take so?"

"Don Allah, Si Mbarek, ba lokacin wasa ba ne."

"Ai kai ka fara wasan. Saurara. Hanya biyu ce. Ta amsa cewa kuɗin caca ne nata, a biya harajin da tara, a rufe magana. Ko ta ce ba ta san asusun ba, su nemi wanda ya yi amfani da katinta. Wannan kuma ya wuce haraji, ya zama na kotu. Aikinka ya tafi, kai ma wataƙila ka bi shi."

"In na yi shiru har ta dawo fa?"

"Sai ka yi addu'a kada wani ya tsayar da ita a filin jirgi, a gaban mata 'yan rakiya."

"To ni zan sa hannu a madadinta."

"Da wane yatsa? Ita za ta je ofishin gunduma da ƙafarta, ta dangwala a gaban ma'aikaci, ya buga hatimi. Ka fi ni sani."

Ya sani kuwa. Ya kuma san abin da Si Mbarek bai faɗa ba. Taga biyu ce a ofishin. A ta hagu akwai wata matashiya da ke buga hatimi idonta na kan waya. A ta dama akwai Si Larbi, wanda aka taɓa sayar da gidan wata gwauruwa da dangwalen da ta yi a gabansa ba ta san me ta dangwala ba. Tun daga ranar, duk wanda bai iya karatu ba sai ya karanta masa takarda daga sama har ƙasa, da muryar da ta isa har bakin ƙofa. Mutane na jin haushinsa saboda ɓata lokaci, shi ko a jikinsa.

Si Mbarek ya rubuta masa takardar amsawar da sunanta. Kwana biyu tana aljihun Abdelilah. Gidan ya cika da 'yan sallama, ana ta soya da gashi, maƙwabta har sun fara ce mata Hajja tana cewa su bari sai ta dawo. Sau biyu ya buɗe baki zai faɗa mata, sau biyu ta riga shi da addu'a.

Ranar Laraba da safe ya kai ta. Ta sa farar jallabiyarta sabuwa, wai don takardar Makka ce. Ya ja ta layin hagu, ya tsaya yana ƙirga kawuna. Saura mutum huɗu. Saura biyu. Saura ɗaya, sai matashiyar ta amsa waya, ta miƙe, ta ja labulen tagarta.

"Ku dawo nan," in ji Si Larbi. "A'a, Lalla Rkiya! Na ji labari, Allah ya sa karɓaɓɓiya ce. Ku ba Hajja hanya."

Layin ya dare mata. Abdelilah ya miƙa takardar.

"Na riga na karanta mata a gida, Si Larbi."

"Madalla. Sai ta ji sau biyu."

Ya gyara tabarau ya fara. Ni, Rkiya 'yar wane, mai kati lamba kaza, na tabbatar asusun nan nawa ne. Muryarsa ta fara raguwa, amma bai tsaya ba. Na tabbatar kuɗin da ke cikinsa, da dubu saba'in da na shigo da su ranar kaza, na same su ne ta hanyar caca.

Wata mata a baya ta ja salati.

Lalla Rkiya ba ta dubi ɗanta ba. Ta matsa kusa da tagar.

"Dubu saba'in ka ce? A wane wata?"

Ya faɗa mata. Watan da aka biya kujera ne.

"In ban dangwala ba fa, Si Larbi?"

"Za su nemi wanda ya yi da sunanki, Lalla. In ba ke ba ce, kada ki sa yatsa. Ba wanda zai tilasta miki a gabana."

Ta dubi tawadar dangwale da ke bakin tagar. Abdelilah ya so ƙasa ta tsage. Ya ce, "Mmi..."

"Ni ce," in ji ta da ƙarfi, yadda na baya za su ji. "Ni na yi."

Ta danna babban yatsanta a takardar, ta danna a littafin ofis. Si Larbi ya buga hatimi bai ɗaga kai ba.

A waje rana ta yi zafi. Ya miƙa hannu zai riƙe ta a matakala, ta janye.

"Gobe ka je ka ce su ba wani kujerata."

"Mmi, sunanki ba zai sake fitowa ba. Zan nemi rance, zan musanya kuɗin, wallahi..."

"Na ce su ba wani."

Ta sauka mataki ɗaya, ta tsaya, sai yanzu ta juyo ta dube shi sosai.

"Aikin idon da aka yi mini bara, da ka ce Turawanka ne suka biya. Shi ma da kuɗin cacar ne?"

Abdelilah ya sunkuyar da kai. Ta jira kaɗan, ta gyaɗa kai, ta gangara ta tsallaka titi ita kaɗai.