Baƙin Man Yaya Gaji

Sukundireban ya sake zamewa, wannan karon har ya ɗebe masa fatar ɗan yatsa. Malam Maiwada ya ja dogon tsaki daga ƙarƙashin motar, ya tsotse jinin ya tofar, sannan ya haska fitilar wayarsa a kan kusar. Kanta ba na sifana ba ne, ba kuma na sukundireba ba, wani ɗan rami ne mai siffar tauraro. Irinta sun kai goma sha, duk sun riƙe wani faffaɗan murfin roba da aka lulluɓe cikin motar da shi, kamar wanda ya ƙera ta yana jin kunyar a ga abin da ya aikata.

Tun da ya idar da sallar asuba yake fama. Sai da ya haƙa rami a ƙofar gidansa a nan Gaya ya ɗora motar a kai, domin cikinta a ƙasa yake kamar na ƙadangare, ko kyanwa sai ta rusuna kafin ta shiga. Shi da ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan Fijo tsakanin Gaya da Wudil da Kano, bai taɓa haƙa wa mota rami ba. Buhu yake shimfiɗawa ya sulala ƙarƙashinta da sifana guda da tsohuwar tasa, ya kwance noti, mai ya tsiyaye, ya miƙa hannu ya murɗe filta da tafinsa. Kafin matarsa Hanne ta gama dama koko ya gama juyen mai ya wanke hannu. Babu bakaniken da zai ce ya taɓa zuba wa motar Maiwada mai, kuma ba ya gajiya da faɗar haka a majalisa.

Wannan kuwa ɗansa Sharfaddeen ne, mai aiki a Abuja, ya aiko masa da ita bayan ƙaramar salla, lokacin yana kwance an yi masa aikin ido. Kafin a cire masa bandeji har an ja Fijon an kai wa 'yan gwangwan. Jama'a suka yi ta zuwa taya murna, shi ma ya yi ta amsawa da murmushi, don ba a raina kyautar ɗa. Amma ranar da ya fara ɗaga bonet ya ji ransa ya ɓaci. Babu inji a bayyane, sai wani baƙin murfi. Babu sandar duba mai, wai allon gaban direba ne zai gaya maka. Filta kuwa an cusa ta can ƙarƙashin wasu bututai, inda hannun mutum ba zai kai ba sai dai na aljani.

Hanne ta leƙo daga soro ta ce koko ya huce. Ya ce ya huce ɗin. Ta tsaya tana kallon ƙafafunsa da suka fito daga ƙasan motar, sannan ta ce a ganinta da an aika gareji an cika galan ɗaya, ai baƙin mai baƙin mai ne, Yaya ba za ta gane ba.

"Na gareji? Wanda suke haɗawa da man giya da ruwan wanke hannu da yashi? Shi zan kai wa Yaya Gaji ta shafa wa katakon ɗakinta?"

"To Malam, yaron nan fa ya ce kada a taɓa motar."

"Yaron nan ni na haife shi."

Ta koma ciki. Ta san mijinta, in ya hau dokin zuciya sai dai a matsa a ba shi hanya.

Yaya Gaji ita ce babbar yayarsa, ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma tun da aka kai ta Toranke a ƙasar Ajingi take can, yanzu ga ta gwauruwa cikin jikoki. Shekara da shekaru duk man da ya juye daga Fijo nata ne. Shi ake shafa wa katako da azara don gara, a ɗiga wa ƙafar amalanke, a raba wa maƙwabta a gwangwani. Galan ɗin shi ne dalilin zuwansa, in ya kai sai ya yini, ta yi masa dambu, su yi faɗa a kan abin da ya wuce tun suna yara, ya dawo da yamma. Tun da sabuwar motar ta zo bai taka Toranke ba. Hanyar unguwarsu duk kwazazzabo ce da tudun yashi, yana tsoron ta kwashe cikin motar, sannan yana jin nauyin a gan shi a bayan acaɓa alhali gari ya san yana da mota. Yau da gobe har aka shiga bazara.

Shekaranjiya saƙonta ya iso ta bakin wata mai kawo daddawa kasuwa, kuma matar ba ta rage komai ba. A gaya wa Maiwada gara ta cinye mata rufin ɗaki, ranar Asabar kafinta zai ɗora sabo. In masu sabuwar mota ba su fi ƙarfin talakawa ba, ya kawo mata baƙin man motarsa da kansa. In kuwa sun fi, to ta ji, ita ma ta iya zama ba ƙane.

Ya san Yaya, ba ta faɗar abin da ba za ta yi ba. Ta taɓa yin shekaru ba ta gaisa da kawunsu ba a kan abin da bai kai wannan ba, har ya mutu. Yau kuma ita ce Asabar ɗin.

Ya fito daga ƙarƙashin motar ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar da yake yankan layya da ita. Rana ta riga ta ɗaga, ramin ya yi zafi kamar tanderu, gumi yana shiga idon da aka yi wa aiki. Ya soka wuƙar a jikin murfin robar ya dinga yanka yana zagin wanda ya zana motar, da wanda ya sa hannu aka ƙera ta, da malamin da ya koyar da su. Mutanen da ba su taɓa kwanciya a ƙasa da sifana ba, in ji shi, su ne za su zauna a ofis mai sanyi su yanke wa talaka hukuncin yadda zai taɓa abinsa. Sun sayar maka da mota sun riƙe mabuɗin cikinta. In ba mugunta ba, me ya haɗa inji da tauraro?

Yana cikin haka waya ta yi ƙara. Sharfaddeen ne, ko ba a faɗa ba ya san Hanne ce ta kai ƙara. Yaron ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi ido, sannan ya lallaɓo ya ce motar ba ta ma isa juye ba, in ta isa za ta nuna da kanta. A Kano akwai inda suke zuƙe man ta sama da na'ura, ba a ko shiga ƙasanta, shi zai turo a zo a ɗauka.

"Su zuƙe su kai ina?"

"Su zubar mana, Baba. Me za a yi da shi?"

Maiwada ya yi tsaki. Yaron nan a ɗakin da aka shafa wa azararsa baƙin mai aka haife shi, gwaggonsa ce ta yanke masa cibi a ciki.

"Baba, don Allah ka bar ta. Ba irin waccan ba ce, akwai abubuwan da in an kwance ba sa komawa."

"Waccan ɗin da ka sayar wa 'yan gwangwan ina kwance ido a rufe? Ita ta biya maka makaranta har ka san na'ura. Tsohuwar zuma ake magani da ita, in ba ka sani ba ka sani."

Ya kashe wayar ya jefa ta gefe cikin ƙasa.

Da ya ɓalle guntun robar ya jefar, sai ga tukunyar mai ta bayyana. Ya ƙwanƙwasa ta da ƙotar wuƙa, ya ji sautin ba na ƙarfe ba ne. Ita ma roba ce. Inda ya kamata a ga noti, wani ɗan toshi ne na roba mai tsaga a tsakiya, kamar murfin jarkar manja. Ya yi wata dariya wadda babu daɗi a cikinta. Ya gyara wa tasar zama, ya sa bakin sukundireba a tsagar ya murɗa a hankali. Bai motsa ba. Ya ƙara ƙarfi, tsagar ta fara cinyewa. A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya, kuma Maiwada ya san haka sarai, don shi da bakinsa ya sha gaya wa direbobi cewa abin da ya ƙi hannu ba a bi shi da zuciya. Sai dai saƙon Yaya yana ta yi masa amo a kunne. Ya jawo filaya ya damƙe kan toshin ya murɗe da duk ƙarfinsa.

Ya ji ƙas. Kan toshin ya taho a bakin filaya, ragowar ya tsage a ciki, mai ya tsarto ya wanke masa hannun riga da gemu kafin ya tura tasar. Ya kwanta yana kallonsa yana zuba. Abin haushin ma bai yi baƙi sosai ba, ja-ja ne kamar zuma, alamar yaron ya yi gaskiya.

Da man ya gama tsiyayewa ya gwada mayar da guntun toshin, ya faɗo. Ya naɗe shi da leda ya tura, ya sake faɗowa. Sabon man da ya saya yana gefe ko buɗe shi bai yi ba, babu amfanin zuba ruwa a kwando. Ya sa jallabiya a kan rigar ya zaga masu sayar da kayan mota na bakin tasha da guntun a tafinsa. Kowa ya juya shi ya girgiza kai. Ɗaya ya ce sai dai Kano, in an yi sa'a, in ba haka ba sai an aika Legas, kuma in bakin ramin ya tsage to tukunyar gaba ɗaya za a sauya. Ya ƙara da cewa garin gyaran gira an rasa ido ke nan, Malam. Maiwada ya yi masa kallon da ya sa ya koma shagonsa.

Ya dawo ya ɗura man a galan ya toshe da leda. Hanne ta kawo masa ruwa da sabulu ya ce ta bari, azahar ta kusa, kafinta ba zai jira shi ba. Motar tana nan a kan ramin tana sheƙi, ba ta zuwa ko'ina. Ya tsayar da ɗan acaɓa ya hau, ya rungume galan ɗin a cinya. Duk wanda suka wuce a cikin gari sai ya ɗaga masa hannu ya kuma bi shi da ido, shi kuwa ya kafa wa ƙeyar ɗan acaɓan ido har suka fita kan hanyar Ajingi.

Tun daga nesa ya hango mutane a ƙofar gidan Yaya. Ya ɗauka rasuwa aka yi. Da suka matso sai ya ga an share filin ƙofar gidan tas an yayyafa ruwa, an kwashe turakun awaki an mayar gefe, an ma cike ɗan kwazazzabon bakin lungun da ƙasa da ɓaraguzai, sabon aiki, ko bushewa bai yi ba. Matan maƙwabta suna leƙe daga zaure. Yaya Gaji tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne cikin atamfar da ya ɗinka mata da salla, da mayafi, da takalmi, jakarta a kan cinya. Ta bayan katanga kuma sabon kwano yana ƙyalli a kan ɗakinta, an riga an gama bugawa.

Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye galan ɗin a gabanta. Ba ta dubi galan ɗin ba. Hanyar da ya fito take kallo, ta bayan kafaɗarsa.

"Ina motar?"

"Ga man na kawo, Yaya. Da hannuna na juye."

"Na ce ina motar?"

Ya gaya mata a taƙaice, kansa a ƙasa. Ta saurara har ya gama. Ta ce rufi tun Alhamis aka ɗora, kafinta ya zo da maganin garansa a kwalba, wa yake jiran baƙin mai a zamanin nan? Ita dai ta rasa da me za ta kira shi ne ya zo. Ta gaya wa duk unguwa yau ƙanenta zai ɗauke ta a motar da ɗansu ya saya, ta je Gaya ta kwana biyu, shi ya sa ta sa aka gyara masa hanya.

"Kai dai tun kana yaro haka kake. In aka ce ka kawo tulu, sai ka fasa shi ka kawo ruwan a tafi."

Duk zagin da ya tanada tun safe na masu ƙera mota yana bakinsa, amma ya rasa wanda zai yi wa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Matan zauren suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Yaya Gaji ta dafa gwiwa ta miƙe. Ta dubi gemunsa da ya yi maiƙo, ta dubi yatsan da ya kumbura, ta dubi ɗan acaɓan da ke shirin juyawa. Ta ce masa ya dakata. Ta tura galan ɗin cikin zaure da ƙafa, ta gyara mayafinta, ta miƙa wa Maiwada jakar.

"Na riga na ce yau a Gaya zan kwana," ta ce. "Hau ka matsa baya, ka riƙe ni. Kuma kada ka shafa min mai a zane."