Mai Hannun Tsami

A dogon gidanmu na bakin kogi, ƙofa a jikin ƙofa, ba a yin tari maƙwabci bai ji ba. Shi ya sa duk abin da ya faru a ɗakin Indai Jimbun, wato uwar Jimbun, a kunnena ya faru, ba wai gulma ta dame ni ba.

Indai Jimbun ita ce gwanar tuwak, giyar shinkafar da muke sha a bikin girbi na Gawai. Ita da bakinta ta naɗa kanta, mu kuma muka ce to. Da ɗanta Jimbun ya samo kuɗin aikin katako, sai ya cire mata rufin itace ya buga na kwano mai ƙyalli. Randunanta kuwa a bene suke, dab da kwanon, inda ko ƙadangare ba ya iya wuni. Tun daga shekarar giyarta ta koma ruwan tsami. A shekarar ce kuma Jimbun ya auro Lulong. To ku faɗa mini, tsakanin rufi mai tsada da suruka, wa za a kama?

"Hannunta ne," in ji tsohuwar. "Yarinyar da ke cin lemun tsami tana leƙa mini randa!"

Gaskiya ne a wurinmu mai haɗa tuwak ba ta taɓa abu mai tsami. Lulong ta bar lemo, ta bar ɗanyen mangwaro, ta kusa barin numfashi. Giya dai ta sake tsami, sunan Mai Hannun Tsami ya bi ta har wurin wanki.

Bana mahaifin Lulong ya aiko cewa zai zo Gawai daga can saman kogi. Yarinyar ta shigo wurina ido jawur.

"Inna, in Apai, babana, ya ji sunan nan, da wane ido zan kalle shi?"

Na ce, "Ke dai Allah ya ba ki haƙuri. Hau bene ki taɓa randar surukarki da rana tsaka ki ji zafi, ko ƙwai aka ɗora sai ya dahu."

Ta dafa shinkafarta mai danƙo, ta baza a tabarma har ta huce sarai kafin ta barbaɗa yis. Ta sauke randarta ƙarƙashin gida, da yake a kan dirkoki gidanmu yake, kan ƙasa mai sanyi kusa da aladu, ta naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma tana yayyafa ruwa, tana kara kumatu a jikin randar kamar mai duba zazzaɓin jariri. Surukarta ta leƙo ta tsakanin katakon daɓe.

"Sannu da ƙoƙari, 'yar nan. Aladun ma ai baƙi ne, a ba su nasu."

Ana gobe biki tsohuwar ta ɗanɗana tata, na ji tofar da yawunta ta bango. Daga nan ta sauka da ludayi wai za ta duba aladu. Ta daɗe tana duba su.

Ranar Gawai aka cika baranda, ana ta kaɗa ganguna. Indai Jimbun ta fito da kwalabe kashi biyu. Ta zuba na farko, zaƙi da ƙamshi har ƙofata.

"Wannan nawa ne," ta ce, ko ƙifta ido ba ta yi ba. "Hannun tsofaffi."

Aka yi ta jinjina mata. Sannan ta tura wa Lulong ɗaya kashin.

"Zuba wa mahaifinki naki mana. Ai ya sha hanya."

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san musanya giyar ta yi, na buɗe baki, Lulong ta girgiza mini kai. Wa zai ƙaryata uwar miji a gaban baƙi ya kwana a gidan? Jimbun kuwa, namijin duniya, ya duƙufa yana nazarin farcen ƙafarsa.

Lulong ta durƙusa ta cika wa mahaifinta kofi. Tsohon ya kurɓa. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, mutane suka fara rufe baki suna kallon juna. Ya dubi kofin, ya dubi 'yarsa, ya ɗaga ya shanye tas, har ɗigon ƙarshe.

Ya miƙa mata kofin.

"Ƙara mini, 'yata. Kowa ya sha nasa, wannan kwalbar tawa ce."