Garin Ɓawon da Ikram Ta Aiko

Ciwon cikin Bappayo ya samo asali ne tun ranar da suka gudo daga Mubi a ƙafa, kwana uku ba abinci. Sun samu ɗaki a Nassarawo, ciwon ya zauna tare da su. Sabuwa, matarsa, ta yi ta jiƙa masa ɓawon dargaza har hannunta ya saba da yauƙi.

Da abin ya tsananta bana, 'yarsu Ikram da ke aiki a Turai ta aiko da wata kwalba. Garin ɓawon wata bishiya ce ta can, silifari elm, wai shi ma yauƙi gare shi, yana kwantar da gyambon ciki.

Bappayo kuwa, mutum ne da ko turare aka ba shi sai ya adana. Ya goge kwalbar da hannun riga, ya jera ta a kabad kusa da hoton 'yar.

"Malam, sha aka ce ka yi," in ji Sabuwa.

"In ya ƙare fa? Shekara tara rabona da ita, shi kaɗai na taɓa wanda hannunta ya taɓa."

Duk Juma'a Ikram ta kira, sai ya ce yana sha, yana jin sauƙi. Sabuwa na gefe tana harararsa, amma ba ta taɓa tona shi ba.

Wata ranar Talata ya yi aman jini, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ikram za ta iso ran sadakar uku. Sabuwa ta kasa jure tunanin yarinyar ta ga kwalbar a rufe, ta ce ubanta ya raina kyautarta. Ta fasa murfin, ta dama garin a ruwa, ta zubar a gindin lemo tana kuka. Kaɗan ta rage a ƙasa.

Ikram na shigowa ta ɗauki kwalbar, ta girgiza.

"Ya shanye, Dada?" ta tambayi uwarta.

"Kullum safe da yamma."

Sai Ikram ta durƙushe a tsakar ɗakin.

"Ashe bai yi masa komai ba. Dada, na so in sa a kai shi asibiti tun azumi. Da ya ce yana jin sauƙi, ni na ce a bari ya gama wannan tukuna."

Sabuwa ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya, sai ta rasa tsakanin gaskiyar da ƙaryar wadda za ta fi yi wa 'yarta sauƙi.