Ƙwayoyin da Suka Ƙi Girma

A daminar 1995 Malam Barau, wani manomin riɗi a Gagarawa Tasha, ya fara kasa ɗaga fartanya. Sau uku ana ba shi maganin zazzaɓi, ga dasashi yana ta zubar jini. 'Yarsa Hannatu, malamar kimiyya a Gumel, ta ɗauko shi ta kai wa Isaiah, mutumin Filato mai gwajin jini a garin.

Isaiah ya daɗe yana leƙa madubin na'urarsa, sannan ya matsa mata. "Malama, duba da kanki. Fararen ƙwayoyin jini ne, sun yi yawa, amma duk jarirai. Ɓargo yana haifar su, sun ƙi girma. Ina zargin kansar jini ce. Ku tafi Zariya."

"Me ke umartar su su girma?" in ji Hannatu.

"Wallahi ban sani ba."

A Zariya aka tabbatar. In mahaifinta ya samu barci bayan ƙarin jini, sai ta shiga laburaren jami'a. Can ta ci karo da labarin wata 'yar tsutsa da aka bincika a Amurka. An gano ƙwayoyin jikinta suna da wani guntun saƙo ƙarami ƙwarai, irin wanda ake kira RNA, aikinsa ya toshe bakin wani saƙon idan lokaci ya yi. In babu shi, tsutsar sai ta yi ta maimaita ƙuruciya. Hannatu ta kwafe shafukan da hannu, ta zo ta bayyana wa tsohon.

"Baba, ko mu ma muna da irinsa a jini?"

Ya ce, "Wanda ya halicci tsutsa shi ya halicci mutum. Je ki bincika."

Ya rasu bayan girbi. Hannatu ta nemi gurbin digiri na biyu a fannin jini a jami'ar Zariya, aka ce mata tambayarta zancen tsutsa ce, ba ta asibiti ba. Ta sake nema, shiru. Duk Asabar tana wurin Isaiah tana koyon rina jini a gilashi, har ta iya gane ƙwaya mai ciwo kafin ya yi magana.

A shekara ta uku takardar ba ta gurbin ta zo. Ta nemi hutun ƙaro karatu, aka hana ta. Ranar Litinin ta ajiye aikin, ranar Laraba ta hau motar Kano, daga nan sai Zariya.