Wa Ke Riƙe da Sitiyari

"Matsa, kunkuru. Ba ni sitiyarin nan."

Ejvind ya taka birki a tsakiyar yashin bakin tekun Vejers, ya juya ya dubi matarsa. Tun da aka kai Bodil gidan kula da tsofaffi bara, bai ƙara jin magana mai kai da gindi daga bakinta ba. Wata rana ta kira shi da sunan ƙanenta da ya rasu, wata rana ta yi masa godiya kamar baƙo. Yau kuwa ga ta ta miƙo hannu, idonta tar, irin na matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana jan tankar madara daga gona zuwa gona.

"An karɓe miki lasisi, tsohuwa."

"To wa zai tambaye ni a nan? Kifi?"

Motar ta haya ce, tasu tuni ya sayar. Ɗansu Torben, wanda rabonsa da uwarsa tun Kirsimeti, shi ya tsara komai ta waya daga Kopenhagen. "Baba, kada ka yarda su sayar maka da inshorarsu. Ka biya da katin bankin da na buɗe maka, ko me ya sami motar shi zai biya. Abu ɗaya ne, kai kaɗai za ka tuƙa." Yaron ya haddace sharuɗɗan kati, amma bai san lambar ɗakin uwarsa ba.

Ejvind ya duba gabas da yamma. Yashi ne shimfiɗe ya yi tauri kamar daɓe, sai motoci jefi-jefi can nesa. Ya fita ya zagaya.

Hannunta bai manta komai ba. Ta gyara kujera, ta gyara madubi, ta saka giya ba ko ƙara. Motar ta bi gefen ruwa, iska na kaɗa farin gashinta, tana rera wata waƙa da suka yi rawa da ita kafin a haifi Torben. Shi kuwa ya kawar da kai wajen teku, wai gishiri ne ya shigar masa ido.

A wajen juyawa ne ta gogi turken katakon da ke nuna hanyar fita. Ƙofar baya ta lotsa, fenti ya kware har zuwa kan taya.

"Wane mara aikin yi ne ya dasa wannan a hanyata?" in ji ta.

Suka yi dariya har da tari. Daga nan suka zauna a bakin but ɗin motar, suka ci baƙin burodi da kifi, suka sha kofi a murfin fulas ɗaya. Ta ce ya cika sukari, kamar kullum.

* * *

Yarinyar da ke karɓar motoci a ofishin hayar a garin Esbjerg sunanta Sidsel, a rubuce yake a ƙirjinta. Ta durƙusa ta shafa ƙofar, ta ɗauki hoto.

"Ba abin damuwa ba ne, Baba, katinka zai biya. Tambaya ɗaya kawai suke so in cike. Kai ne a kan sitiyari lokacin da abin ya faru, ko?"

"Ni ce," in ji Bodil.

Ta saki hannun mijinta ta matso, kafaɗa a miƙe. "Ni na tuƙa, 'yata. Wannan ai da shi aka bari, da yanzu muna can ruwa ya ci mu."

Sidsel ta dubi tsohuwar, ta dubi abin hannu na gidan tsofaffi da ke ɗaure a wuyan hannunta, sannan ta matsa kusa da Ejvind ta rage murya.

"Idan ita ce, kati ba ruwansa, kai za ka biya gyaran duka. Kuma tunda ba lasisi, dole in kai maganar gaba." Ta sake duban Bodil. "Kakata ma haka take. Jiya ta ce da ni daga kasuwa take, alhali ta shekara ba ta sauko daga gado ba. Ba ta san abin da take faɗa ba, ko?"

Yarinyar ba mugunta take ba, ƙofa ta buɗe masa. Ejvind ya daɗe a duniya, ya san yadda magana ke tafiya daga ofis zuwa ofis. In ta isa gidan tsofaffin, ya gama fita da Bodil ke nan. Sai dai ziyara a falo, a gaban talabijin, wata ma'aikaciya na leƙowa.

Bodil tana kallonsa, tana jira ya ba da shaida, murmushin bai bar fuskarta ba.

"Ni na tuƙa," ya ce. "Takan rikice."

Ba a sake tambaya ba. Maganar mai irin wannan abin hannu ba ta da nauyi, kowa ya sani. Sidsel ta danna wayarta, ta yi musu fatan sauka lafiya.

* * *

A cikin bas Bodil ta zauna jikin taga, ta ɗora hannayenta a cinya tana juya su, tana duba tafin kamar na wani ne aka ara mata. Sai da suka wuce tashar jiragen ruwa ta yi magana.

"Ejvind."

"Na'am."

"Na yi mafarki mai daɗi. Wai ina tuƙi a bakin teku, kana gefena." Ta yi 'yar dariya ta jin kunya. "Kuma na je na faɗa wa yarinyar mutane. Ka yi haƙuri, na ba ka kunya."

Ya buɗe baki. Ya dubi matar da ke kujerar gabansu, ya dubi direba, ya mayar ya rufe. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Bodil ta kama hannunsa ta bubbuga a hankali, yadda ake lallashin yaro.

"Kai dai ka riƙa gaya mini gaskiya," ta ce. "Kai kaɗai nake da shi."